Gurbin da Babu a Takarda

Ƙarfe shida da kwata na kafa kujerata
a gindin gadar Kawo,
allo a cinya, biro biyu a aljihu.
Ofis sun ce: ƙirga mana,
duk abin da ya wuce ka ja masa sanda.
Huɗu a tsaye, ta biyar ta kwanta a kansu.

Ƙaramar mota da gurbinta.
Bas da nata, tirela da nata.
Keke-napep kuwa sai da na ƙaro takarda,
sun yi wa shatale-talen zobe
kamar kiyashi a bakin kofin shayi.

Na ƙirga masu fitowa daga Mando,
na ƙirga 'yan Rigachikun da sauran barci a ido,
na ƙirga tankar da ta mutu a tsakiyar hanya
sau ɗaya kawai,
ko da yake ta cinye wa mutum dubu safiyarsu.

To, Rifkatu fa?
Yara uku cikin kayan makaranta, na huɗu a goye,
ta sa ƙafa, ta janye,
ta sa, ta janye.
Na duba agogo: minti goma sha ɗaya
kafin titi ya yi mata izinin tsallakawa.
Na nemi inda zan rubuta ta.
Takardar daga taya biyu ta fara.
Baron Tanimu taya ɗaya gare shi,
buhun albasa shida, amma a wurin ofis bai wuce ba.

Babana ya ce a zamanin masaƙa
keke yake hawa zuwa Kakuri,
ya gaisa da kowa, ya riga jiniya isa.
Yanzu garin ya fi ƙarfin rigarsa,
ɗinki na ɓarkewa ta Rigasa, ta Maraban Rido,
ana faci nan, can na yagewa.

Ran Alhamis na kai lissafi.
A bangon Injiniya Didam
Kaduna ta kwanta lamo, ba hayaƙi, ba oda,
kogin ma shuɗin zare ne.
Ya ja yatsa daga Kawo har Sabon Tasha:
doguwar bas, layinta ita kaɗai,
rabin awa ka isa.
Na ce Allah ya nuna mana,
da gaske kuma nake.
Ni da nake hawa abin hawa uku kafin in ga ƙofar gida,
sulusin ladana a hannun kwandasta yake kwana.

Da na dawo sai ga jan fenti
a jikin rumfar Malam Ɗayyabu,
mai ba ni inuwa da shayi bashi.
Kibiya, da lamba: mita bakwai.
Ya ce, ɗan ƙidaya, aikinka ya yi kyau.
Bai yi fushi ba. Ya ma ƙara mini madara.
Shayin ya ƙi wucewa.
Ashe sandunan da nake ja
haƙoran katafila ne.

Washegari na ja layi a gefen takarda,
inda ba a buga komai ba,
na rubuta a kai: ƙafa.
Silifa, kambas, takalmin roba,
sandar wani tsoho na haɗa da shi,
Rifkatu na ba ta biyar cif.
Kafin magariba
dubu biyu da ɗari uku da sha shida.

Injiniya ya daɗe yana kallo.
Ya ce kwamfuta ba ta da gurbin wannan.
Ya yage gefen a hankali, bisa layin,
kwandon shara na nan kusa da ƙafarsa,
amma ya ninke,
ya sa a aljihun gaba.

Ban san me aljihu ke haifarwa ba.
Gobe dai an tura ni Tashar Kano.
Na sayi biro na uku.